Yadda za ka yi sharhin littafin sufahiro na matasa ba tare da ka ɓige da ba da labari ba

Yawancin abin da mutanenmu ke kira sharhin littafi wallahi ba sharhi ba ne, ba da labari ne kawai. Mutum zai ɗauko littafi mai shafi wajen 400 ya matse shi ya koma layi ashirin, wane ya kashe wane, wance ta ci amanar wane, daga ƙarshe ya ce "gaskiya ya yi daɗi, ku nema ku karanta", shikenan wai ya yi sharhi. To me zan nema kuma bayan ka gama faɗa min komai? Aikin mai sharhi shi ne ya ce abin nan ya yi ko bai yi ba, sannan ya nuna min wurin da ya gani a cikin littafin. In babu wurin nunawa to ra'ayi ne kawai, kuma ra'ayi kowa ma yana da nashi.

Littattafan sufahiro, wato jaruman nan masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, su ne suka fi jefa mai sharhi cikin wannan matsalar saboda faɗa ya yi yawa a ciki, ana ta fashe-fashe da rushe gini, sai ka shagala da lissafa wa ya fi wa ƙarfi ka manta da rubutun kansa. Don kar maganar ta tafi a iska zan riƙe littafi ɗaya a matsayin misali tun daga farko har ƙarshe, Steelheart na Brandon Sanderson, marubucin nan ɗan Amurka. Amma matakan za su yi maka aiki a kan kowane littafi irin wannan.

Mataki na farko: ka san wa aka rubuta wa

Kafin ka buɗe shafin farko ka tattara ƴan bayanai. Wa ya rubuta, yaushe ya fito, wa ya buga, shi kaɗai ne ko yana da ci gaba. Steelheart ya fito a 2013 daga Delacorte Press, shi ne na farko a jerin da ake kira The Reckoners, Firefight ya biyo baya a 2015 sai Calamity a 2016. Shi kuma Sanderson an haife shi a 1975 a jihar Nebraska, yana koyar da rubutun ƙirƙira a jami'ar Brigham Young da ke Utah, kuma an fi saninsa da manya-manyan littattafan almara na manya, wasu sun haura shafi 1000. Layi biyu ko uku sun ishe ka a kan wannan, ba tarihin rayuwarsa aka tambaye ka ba.

Amfanin wannan binciken shi ne ka san ma'aunin da za ka ɗauko. A Amurka in an ce littafin matasa ana nufin ƴan shekara 12 zuwa 18 ne, duk da dai manya ma na karantawa sosai. Irin littafin nan yawanci babban tauraron matashi ne, babi gajere ne, labarin ba ya tsayawa jan numfashi. To in ka zo kana ƙorafin wai harshen ya yi sauƙi da yawa ko ba a zurfafa falsafa ba, ka auna shi da ma'aunin da ba nashi ba. Amma fa wannan ba lasisi ba ne na yafe masa komai, "ai na yara ne" ba uzuri ba ne in rubutu ya yi lami. Ɗan shekara 15 yana gane in an raina masa hankali, sau da yawa ma ya fi babba saurin ajiye littafi.

Sai kuma ka san al'adar irin wannan labarin. Tun 1938 da Superman ya fara fitowa a mujallar zane-zane, abin da aka saba shi ne wanda ya samu ƙarfi sai ya zama mai ceton jama'a. Ka tambayi kanka, littafin da ke hannunka bin wannan al'adar ya yi ko juya ta ya yi? A Steelheart juya ta aka yi, masu ƙarfin, waɗanda ake kira Epics, su ne azzalumai, jaruman labarin kuma mutane ne gama-gari da ke farautarsu.

Mataki na biyu: karatu biyu

Na farko ka karanta shi yadda kowa zai karanta, a kwance, ba biro ba komai. Abu ɗaya kawai za ka lura da shi, ina ne ka kasa ajiyewa, ina ne kuma ka fara duba waya. Da ka gama ka rubuta layi uku a kan yadda ka ji kafin ka je ka karanta abin da wasu suka ce, don da zarar ka leƙa Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke rubuta ra'ayinsu a kan littattafai, ko ka kalli masu sharhi a YouTube to ra'ayinka ya gauraye da nasu, ba za ka ƙara gane wanne ne naka ba.

Karatu na biyu shi ne aikin. Nan kana da biro da takarda, ko in a waya kake karantawa ka dinga sa alama. Ka raba takardar gida huɗu: dokokin ƙarfi, muryar mai ba da labari, taurari, sai wuraren da labarin ya yi sanyi. Duk abin da ka rubuta ka sa lambar babi a gefe. In odiyo ka saurara to ka nemi rubutaccen ko da na ƴan babi ne, saboda mai karantawa mai daɗin murya yana iya rufa wa jimla mara kyau asiri, ba za ka iya maganar salo da kunne kaɗai ba.

Mataki na uku: ka tsaya a kan buɗewa

Shafukan farko alkawari ne marubuci ke ɗauka, kuma da wannan alkawarin za ka kama shi a ƙarshe. Duba yadda Steelheart ya buɗe. David Charleston yana ɗan shekara 8, ya raka babansa banki a Cikago, baban na neman rance. Sai ga wani Epic mai suna Deathpoint ya shigo, shi dai nuna mutum kawai yake da yatsa sai mutum ya zama toka ƙasusuwa su zube. Ana cikin haka Steelheart ya sauko, wanda harsashi ba ya ratsa shi, baban David kuwa mutum ne da ya yi imani cewa dole wata rana jarumai na gari za su zo, don haka ya ɗauka mai ceto ne ya iso. Da ya ga Deathpoint na lallaɓowa ta bayan Steelheart sai ya ɗauki bindiga ya harbe shi, harsashin ya goge kuncin Steelheart, jini ya fito. Mutumin da aka ce ba abin da ke yi masa rauni. Sakayyar da ya yi wa wanda ya cece shi ita ce ya kashe shi, ya sa aka hallaka duk wanda ya shaida abin, David ne kaɗai ya tsira.

Yanzu kai mai sharhi me ka samu a nan? Ka samu tambayar da za ta ja littafin gaba ɗaya, me ya sa ya yi jini a wannan ranar. Ka samu dalilin tauraron, ɗaukar fansa. Ka samu jigo tun a bakin baban. Kuma duk abin da ake buƙata don warware tambayar yana cikin wannan bankin, sai dai ba za ka gane ba sai a karatu na biyu. To irin wannan shi za ka faɗa a sharhi, ba wai "farkon ya yi zafi" kawai ba. In kuma littafin da kake dubawa ya kwashe babi biyar yana bayanin tarihin duniya kafin wani abu ya faru, ka faɗa, ka ce a babi na nawa labarin ya tashi.

Mataki na huɗu: kar ka kalli ƙarfi, kalli lago

Nan ne zuciyar aikin kuma nan ne masu sharhi suka fi yin sakaci. Ƙirƙiro ƙarfi ba wuya, kowa zai iya cewa jarumina yana tashi sama yana fitar da wuta daga ido. Abin da ke nuna gwanintar marubuci shi ne iyakar da ya sa wa ƙarfin da kuma ko ya tsaya a kan iyakar. Mu da muka taso muna ganin ƴan tauri wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, wuƙa ba ta kama shi, to amma abin da ke sa labarinsa ya yi armashi shi ne sanin cewa akwai makari a wani wuri, kuma wani yana nemansa.

Shi Sanderson ma ya rubuta ƙa'idojinsa a kan wannan, ana kiransu dokokin Sanderson. Ta farko da ya fitar a 2007 ma'anarta ita ce, iya gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci yadda sihiri ke aiki, iya gwargwadon damar da marubuci ke da ita ta warware matsala da wannan sihirin. Ta biyu kuma cewa take iyakoki sun fi ƙarfin kansa muhimmanci. Ba dole ka yarda da shi ba, ba wahayi ba ne, amma in littafinsa kake dubawa ai ka samu sandar da za ka auna shi da ita, tunda shi ya sassaƙa ta.

Ga yadda za ka gwada. Ka ɗauki kowane babban faɗa a littafin ka yi masa tambaya uku. An gaya min dokar kafin faɗan ko sai a tsakiyarsa aka fiddo ta daga aljihu? Nasarar ta ci wa jarumi wani abu, ko a ɓagas ya samu? Da ni ne a wurin da bayanan da aka ba ni, zan iya hango mafitar? A Steelheart kowane Epic yana da lagonsa. Fortuity, wanda aka fara farauta a farkon littafin, yana hango haɗari kafin ya same shi, to ta yaya za ka kashe mutumin da ya san harsashi na zuwa? Lagonsa shi ne in mace ta ɗauke masa hankali hangen nasa yana raunana, don haka tarkon da aka ɗana masa a kan wannan aka gina shi, kuma ko da abin ya kwaɓe sai da aka sa shi a yanayin da duk inda ya kauce akwai harsashi. Wannan faɗa ne da aka ci da lissafi. Haka Nightwielder da ya rufe birnin da duhu, nasa lagon yana da alaƙa da irin hasken da ke cikin rana, kuma an nuna yadda David ya gano hakan mataki-mataki, ba mafarki ya yi ba.

Lagon Steelheart kansa ba zan faɗa ba. Amma ka lura da yadda na yi yanzu, na ba ka misali biyu daga abin da ba zai ɓata maka karatu ba, na bar babban a rufe. Haka za ka yi a naka sharhin. Abin da za ka iya cewa game da ƙarshen shi ne ko ya cika alkawarin buɗewa, kuma a ganina a nan ya cika, don amsar tana komawa ne kan halin mutumin ba kan wani makami da ya faɗo daga sama ba.

In ka samu akasin haka, jarumi ya shiga tsaka mai wuya sai kawai wani sabon ƙarfi ya ɓullo masa wanda ba a taɓa ambata ba, kar ka ji nauyi, rubuta shi ƙarara da lambar babi. Wannan ha'inci ne aka yi wa mai karatu.

Mataki na biyar: duniyar labarin

Wannan ba sai ka daɗe ba. Tambayar ita ce talaka ya yake rayuwa a duniyar nan? Steelheart ya mayar da yawancin Cikago ƙarfe, sunan garin ya koma Newcago, rana ba ta fitowa, talakawa na zaune a titunan ƙarƙashin ƙasa, marayu irin David suna aiki a masana'antar makamai don su samu abinci da wurin kwana, gwamnati kuma ta riga ta sallama ta yi dokar da ta ce ba a hukunta Epics. Ka ga ƙarfin mutum ɗaya ya taɓa gini, wuta, aiki, doka. In a littafinka akwai masu rusa gari da hannu ɗaya amma kasuwa na ci yadda ta saba kuma ba wanda ya canza komai, to duniyar fenti ce kawai.

Mataki na shida: salon rubutu

To nan ne mutane ke kakarewa, sai ka ji an ce "salonsa mai sauƙi ne" a wuce. Sauƙi kamar yaya? Ka warware shi gida-gida.

Fara da bakin da labarin ke fitowa. A Steelheart David ne ke ba da labari da bakinsa yana ɗan shekara 18, bayan shekara 10 da abin da ya faru a banki. Wannan zaɓin yana da riba yana da asara kuma aikinka ne ka faɗi duka biyun. Ribar, kana cikin kansa, tsoronsa da zumuɗinsa duk kana ji, kuma abin da bai sani ba kai ma ba ka sani ba, shi ya sa bazatar ƙarshe take kama mutum. Asarar, duk wanda ka gani da idon David ka gan shi. Yaro ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana cika littattafan rubutu da bayanan Epics yana haddace bindigogi, don haka in ya ga bindiga sai ya tsaya ya yi maka lacca a kan me ya sa doguwa ta fi ƙaramar ta hannu. Wani mai karatun zai ji daɗi, wani zai tsallake. Kai dai ka tantance, wannan surutun halin tauraron ne aka nuna ko marubucin ne ya fake da shi yana sauke mana bayanai? Ni a wurina maganar bindiga halinsa ce, ta zauna, amma wuraren da yake jera rabe-raben Epics wani lokacin sun fi kama da darasi.

Sai adon harshe, kuma a nan littafin yana da wani abu na musamman da ya kamata duk mai sharhi ya tsaya a kai. David bai iya kamance ba, kuma da gangan aka yi shi haka. A babin farko da ya ga Megan, wata budurwa cikin tawagar masu farautar Epics, sai ya ce ko tsohon limamin coci makaho ɗan shekara 90 sai ya tsaya ya kalle ta, sai kuma ya farga ai makaho ba ya kallo, ya ce wannan kwatancen bai yi ba sai ya gyara. A wani wurin har bulo na fate ya kawo a kwatance, ya dage yana kare shi. Mai sharhin da bai lura ba zai ciro irin wannan jimlar ya ce ku ga marubuci bai iya rubutu ba, alhali raha ce aka gina a jikin tauraron, kuma tana gaya maka wani abu, yaron nan bai taso cikin mutane yana hira ba, ya san lagon Epic ɗari amma bai san yadda ake magana da yarinya ba. Don haka kafin ka soki jimla ka tambaya, kuskuren na marubuci ne ko na wanda ke magana? Bayan ka tantance kana da damar cewa rahar ta yi yawa, ni ma ina ganin akwai inda aka maimaita ta a lokacin da ake tsaka da tashin hankali har ta rage wa wurin nauyi. Wannan suka ce mai hujja.

Sai ginin jimla. Ka zaɓi shafi ɗaya na faɗa da shafi ɗaya na hira ka karanta su da ƙarfi, da baki. A shafin faɗa ka duba ko ka san inda kowa yake tsaye, wa ke da makami, ƙofa tana ina. Marubuta da yawa in faɗa ya kaure sai su rikice su rikita ka, ka gama shafi uku ba ka san wa ya bugi wa ba. Sanderson ya sha faɗa cewa shi so yake rubutunsa ya zama kamar gilashin taga, ka ga labarin ta cikinsa ba tare da ka lura da gilashin ba, kuma haka Steelheart yake, jimloli gajeru, kalmomi na yau da kullum, ba wata ƙawa. In kai mai son jimlar da za ka tsaya ka maimaita ne don daɗinta to ba za ka samu da yawa ba, ka faɗi hakan, amma ka faɗe shi a matsayin zaɓin da marubucin ya yi da abin da zaɓin ya jawo.

A shafin hira kuma ga gwaji mai sauƙi, rufe sunayen da yatsa ka gani ko za ka gane mai magana. A cikin ƴan tawagar masu farautar Epics, Cody da barkwancinsa da iƙirarin shi ɗan asalin Sukotland ne alhali daga kudancin ƙasar Amurka ya fito, za ka gane shi ko ba suna. Abraham mai sanyin magana, Prof mai gajeren zance da ba da umarni, su ma haka. Sai dai ka ƙara tambaya, bayan wannan alamar guda ɗaya da aka liƙa wa kowa akwai mutum a ƙasa? Tia an ba ta bincike da shan lemon kwalba, to sai me kuma? A nan za ka iya cewa wasu daga cikin ƴan tawagar ba su samu fili ba.

Kar ka manta da zagin ƙirƙira. Littattafan matasa na Amurka da yawa suna gudun ashar na gaske, sai marubuci ya ƙirƙiro nasa, a nan za ka ga ana ta cewa sparks ko a kira mutum slontze. Wasu yana sa su ji duniyar ta zama ta daban, wasu kuma yana fitar da su daga labarin duk sanda suka ci karo da shi. Faɗi ɓangaren da kake, layi ɗaya ya isa.

Na ƙarshe a salo, ƙarshen babi. Koma ka karanta jimlar ƙarshe ta babi goma a jere. In kowanne da jan rai ya ƙare, ƙofa ta buɗe, an ji harbi, wani ya ce ga su nan, to ka gano injin da ke hana mutum barci, kuma ka gano ko dabarar ta fara gajiyarwa.

Mataki na bakwai: me littafin ke cewa

Sanderson ya ba da labarin cewa tunanin littafin ya zo masa ne a kan hanya, wani direba ya yanko masa gaba, ransa ya ɓaci har ya raya a zuciyarsa da yana da ƙarfi da ya tarwatsa motar, sai abin ya ba shi tsoro. To jigon kenan, me iko ke yi wa mutum. Amma kar ka tsaya a faɗin jigo, ka nemo inda littafin ya yi gardama da kansa. A nan Megan ce ke kawo gardamar, tana cewa duk zaluncin Steelheart a garinsa akwai wuta akwai abinci akwai tsari, sauran garuruwa kuwa sun zama kufai, in kun kashe shi wa zai riƙe mutanen? Tambaya ce mai nauyi kuma David ba shi da cikakkiyar amsa. Kai za ka duba ko littafin ya ba tambayar haƙƙinta ko ya ɗaga ta ne kawai ya koma harbe-harbe. Ni dai ina ganin an taɓo ta da kyau amma ba a zauna a kanta yadda ta cancanta ba.

Ita Megan ɗin ma ka duba yadda aka rubuta ta. Saboda da idon saurayi ɗan 18 muke ganinta, an yi ta nanata kyanta, har sai da labarin ya yi nisa kafin ta fara zama mutum mai nata lissafin. Ƴan mata masu karatu za su lura da wannan ko kai ba ka lura ba.

Mataki na takwas: zauna ka rubuta

Kalma 600 zuwa 900 sun isa sharhi mai kyau. Fara da hukuncinka ko da abin da ya fi tsaya maka a rai, kar ka fara da "wannan littafi ne da wane ya rubuta". Taƙaita labarin a sakin layi ɗaya, kuma kar ka wuce kashi ɗaya cikin huɗu na farkon littafin, abin da bangon baya ya riga ya faɗa da ɗan ƙari kaɗan. Sauran filin na hujja ne, abu biyu ko uku da suka yi, ɗaya ko biyu da ba su yi ba, kowanne da misalinsa. Ba sai ka zuba duk abin da ke takardarka ba, yawanci ma a takardar zai tsaya.

Duba bambancin nan. Wani zai rubuta: "Salon marubucin yana da kyau sosai, akwai ban dariya kuma labarin ba ya gundura." Wannan jimlar za ka iya manna ta a kan littafi dubu. Kwatanta da: "David ne ke ba da labarin, kuma rashin iya kwatancensa, irin na makahon limamin da zai tsaya kallon Megan, shi ke sa ka so shi tun babin farko, sai dai zuwa tsakiyar littafin rahar ta fara shiga wuraren da ya kamata a bar mutum ya ji tsoro." Ta biyun ba za ta zauna a kan wani littafi ba sai wannan, kuma wanda bai yarda da kai ba ya san inda zai buɗe ya yi maka musu.

Maganar fasa ƙwai kuma, in dole sai ka tattauna ƙarshen, misali kana son nuna cewa bazatar ba ta zauna ba, to ka kai shi can ƙasa ka rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe kafin wurin. Kuma ka kula, ko cewa "akwai wanda ba shi ne yadda kuke zato ba" ma fasa ƙwai ne, ka riga ka sa mai karatu zargin kowa. Hatta sunayen littattafan gaba a jeri wani lokacin suna tona asiri in ka yi musu dogon bayani, ambace su kawai ka wuce.

Ka ware layi biyu don iyaye da malamai, don su ne ke saya wa yara. Faɗi abin da ke ciki ba tare da wa'azi ba. A Steelheart akwai kisa da yawa tun daga shimfiɗa, har da mutuwar jariri a bankin, akwai bindigogi ko'ina, soyayyar kuma ba ta wuce kallo da ɗoki irin na samari ba. Uba ya karanta wannan ya yanke wa ɗansa ɗan 12 hukunci da kansa. Ka kuma faɗi matakin Turancin, tunda da Turanci aka rubuta shi kuma yawancin masu karanta sharhinka a makaranta suka koye shi, wannan dai ɗan babbar sakandare mai ɗan karance-karance zai iya bi, in ban da kalmomin makamai da na ƙirƙira.

In za ka ba da tauraro irin na Goodreads, ɗaya zuwa biyar, ka ba da shi bayan ka gama rubutu ba kafin ba, kuma ka tabbata ya yi daidai da abin da ka faɗa, kar ka kwashe sakin layi huɗu kana suka sannan ka liƙa biyar. Da ni ne zan ba Steelheart huɗu, tsarin lago da ƙarshen sun ɗauke shi, taurarin gefe da maimaita raha sun rage masa ɗaya. Tunda kuma na farko ne a jeri, ka gaya wa mutane ko labarin ya rufe a nan ko an bar su a rataye sai sun sayi na biyu. Wannan dai ya rufe maganar Steelheart ɗin kansa, tambayar daga ina ƙarfin Epics ya fito ce aka bari a buɗe. Kafin ka tura, koma ka duba rubutun sunaye da lambobin babin da ka ambata ɗaya bayan ɗaya, masoyan irin littattafan nan sun haddace su, harafi ɗaya ka kuskure a sunan Nightwielder a kan shi za a tsaya a bar duk sauran maganarka.